Hutun kaka a Jamus

Hutun kaka (da Jamusanci: Herbstferien) hutu ne da makarantun firamare da na sakandare suke yi a ƙasar Jamus tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Nuwamba. Yawanci tsawonsa daga mako ɗaya ne zuwa mako biyu, gwargwadon jihar da makaranta take. Shi ne hutu na farko bayan an shiga sabuwar shekarar karatu, wadda take farawa a watan Agusta ko Satumba. Asalinsa hutun aiki ne, domin ana sallamar yaran karkara ne su je su taya iyayensu tonon dankalin Turawa. A yau injuna ne suke wannan aiki, amma yawancin abubuwan da iyalai suke yi da ƙananan yara a lokacin suna nan tattare da girbi, da daji, da kunna fitilu sa'ad da dare yake ƙara tsawo. Daga wannan hutu ake shiga jerin bukukuwan yara da suke ƙarewa da Kirsimeti.

Asalin suna

Herbstferien haɗin kalmomi biyu ne. Herbst shi ne lokacin da ke tsakanin bazara da hunturu. Ma'anar kalmar ta asali ita ce lokacin tsinko amfanin gona, kuma tushenta ɗaya da kalmar harvest ta Turanci, wadda har yanzu take nufin girbi. Shi ya sa kalmar "kaka" ta dace da fassararta, tunda a Hausa ma sunan lokacin girbi ne. Sai dai yanayin ba ɗaya ba ne: kakar ƙasar Hausa tana zuwa ne bayan ɗaukewar damina, ita kuwa ta Jamus tana zuwa da sanyi da yayyafi da iska da zubar ganyen itatuwa.

Ferien kuma daga kalmar Latin feriae ta fito, wato ranakun biki da ba a aiki a cikinsu. Kullum a jam'i ake amfani da ita, kuma an fi danganta ta da hutun makaranta. Hutun ma'aikaci sunansa daban ne, wato Urlaub.

Tsofaffi da yawa sun fi sanin hutun da sunan Kartoffelferien, ma'ana "hutun dankali". Ana samun irin wannan suna a wasu harsunan Turai: kartoffelferie a Denmak, potetferie a Norwe, da tattie holidays a Sukotland, inda tattie yake nufin dankali.

Tarihi

Dankalin Turawa daga Kudancin Amurka ya shigo Turai a ƙarni na 16. A Jamus ya ɗauki lokaci kafin manoma su karɓe shi. Sarki Friedrich na Biyu na Prussia ya yi ta ba da umarnin a shuka shi, kuma umarninsa da aka fi sani shi ne na shekarar 1756. Zuwa ƙarni na 19 dankali ya zama abincin yau da kullum na talakawa.

A daidai wannan zamani ne karatun dole yake yaɗuwa. Prussia ta fitar da dokar tura yara makaranta tun 1717, kuma tsarin mulkin Jamus na 1919 ya wajabta karatu a kan dukkan yaran ƙasar. Sai aka samu karo tsakanin makaranta da gona. Tonon dankali aiki ne mai buƙatar hannu da yawa: a tono shi da fartanya ko da garmar da doki yake ja, mata da yara su bi baya a durƙushe suna tsincewa suna zubawa a kwanduna, kuma dole a gama kafin sanyi ya daskarar da ƙasa. Idan lokacin ya yi, ko an buɗe makaranta yaran ƙauye ba sa zuwa. Don haka hukumomi suka ware musu hutu a kakar dankali.

Yaran da suka yi aiki a gonar wani akan biya su da 'yan kuɗi kaɗan, ko abinci, ko dankalin da za su kai gida. Idan an gama, sai a tara busasshen ganyen dankalin a cinna masa wuta, a gasa dankali a cikin toka. Ana kiran wannan Kartoffelfeuer, wato "wutar dankali". A Jamus ta Gabas an riƙa kwasar ɗalibai aji-aji zuwa gonakin haɗin gwiwa domin wannan aiki. Daga shekarun 1960, lokacin da injunan da suke tonowa su kuma tattara suka yaɗu, buƙatar hannun yara ta yi ta raguwa har ta kau. Hutun bai kau ba, sai dai manufarsa ta koma ta ba wa ɗalibai hutawa tsakanin hutun bazara da na Kirsimeti.

Lokaci da tsawon hutu

Harkar ilimi a Jamus tana hannun jihohi 16 ne, shi ya sa babu rana ɗaya da duk makarantun ƙasar suke rufewa. Yarjejeniyar Hamburg ta 1964 ta ƙayyade jimillar hutun makaranta a shekara kwana 75 na aiki, har da Asabar 12 a ciki. Taron ministocin ilimi na jihohi ne yake tsara hutun bazara bi da bi domin rage cunkoso a hanyoyi, sauran hutun kuwa kowace jiha ce take yanke nata.

Jihohi irin su North Rhine-Westphalia da Hamburg sukan ba da mako biyu a watan Oktoba. Bavariya da Baden-Württemberg kuwa, tunda hutunsu na bazara ba ya ƙarewa sai wajen tsakiyar Satumba, nasu hutun kakar gajere ne, kamar mako ɗaya, kuma yana zuwa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba.

Akwai ranakun hutun gwamnati da suke faɗowa a wannan lokaci. Ranar 3 ga Oktoba ita ce ranar tunawa da haɗewar Jamus ta 1990. Ranar 31 ga Oktoba hutu ce a jihohi tara na gabas da arewa, domin tunawa da gyaran addini na Martin Luther. Ranar 1 ga Nuwamba, ranar dukkan waliyyai a wajen mabiya ɗarikar Katolika, hutu ce a jihohi biyar na kudu da yamma. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, ta yadda a farkon Nuwamba rana take faɗuwa a Berlin wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma.

Ayyukan iyali a lokacin hutu

A daji da fili

Dokar ƙasa ta ba kowa izinin shiga daji domin shaƙatawa, ko da dajin mallakar wani ne, kuma an yarda mutum ya ɗebi ɗan abin da zai yi amfani da shi a gida. Saboda haka yawo a daji shi ne aikin da ya fi sauƙi kuma ba ya cin kuɗi. Yara sukan tsinci ganyayen da suka rikiɗe zuwa ja da rawaya, su busar da su a tsakanin shafukan littafi, su liƙa a takarda.

Abin da aka fi tsinta shi ne 'ya'yan itacen Kastanie, wasu ƙwallaye masu ruwan ƙasa da sheƙi. Babba yakan huda su da basilla, yaro ya soka tsinken ashana ko na sakace, su zama siffar mutum ko doki ko bushiya. Irin da ake samu a bakin titi da wuraren shaƙatawa, wato Rosskastanie, ba a cin sa domin yana da guba. Wanda ake gasawa a ci, Esskastanie, itace ne daban. Kamfanin alewa na Haribo, wanda aka kafa a Bonn, yana da al'ada tun 1936 ta karɓar waɗannan ƙwallaye daga hannun yara a kowace kaka, ya musanya musu da alewa: kilo 10 na Kastanie a kan kilo 1 na alewa. Abin da aka tara ana ciyar da namun daji da shi a lokacin hunturu.

Iskar kaka ta sa lokacin ya zama na tashin jirgin takarda mai zare, wanda Jamusawa suke kira Drachen, kalmar da kuma take nufin dodon tatsuniya mai fukafukai. A da a gonakin da aka girbe ake tashinsa. A Berlin mutane sukan je filin Tempelhof, tsohon filin jirgin sama da aka rufe a 2008 aka mayar da shi wurin shaƙatawa a 2010. Doka ta hana zaren ya wuce mita 100 ba tare da izini ba, kuma an hana tashinsa kusa da filin jirgin sama mai aiki. Ana kuma gargaɗin a nisanci wayoyin lantarki.

Wasu iyalai sukan je neman naman kaza a daji. Masana suna gargaɗin kada a ci wanda ba a tabbatar da shi ba, domin nau'in da ake kira Knollenblätterpilz yana kama da wasu da ake ci, alhali shi ne yake jawo mafi yawan mace-macen gubar naman kaza. Masu lambu a gida kuma sukan bar tarin ganye da ƙirare a wani lungu domin bushiya ta samu wurin kwanciyar hunturu, aikin da ƙananan yara suke iya yi da hannunsu.

A gona

Gonaki da yawa da ke kusa da birane suna buɗe ƙofa ga iyalai. Yara su tsinki tuffa, su kalli yadda ake matse ruwanta, su zaɓi kabewa, su ciyar da awaki da zomaye. Wasu gonakin sukan ware kunya ɗaya ko biyu domin yara su tono dankali da hannu, a rufe da gashin dankali a wuta, kamar yadda kakanninsu suka yi. A birnin Ludwigsburg, kusa da Stuttgart, ana yin babban baje kolin kabewa a lambun fada a kowace kaka, inda ake gina manyan siffofi da kabewa. Coci-coci da yawa suna yin bikin godiyar girbi, Erntedankfest, a Lahadin farko ta Oktoba, yara su kawo kayan lambu da burodi, daga baya a raba wa mabukata.

A cikin gari da cikin gida

Idan ruwa ya hana fita, akan koma gidajen tarihi, da gidan namun daji, da wuraren ninƙaya na cikin gini, da ɗakunan karatu na gari, waɗanda sukan shirya karanta wa yara labari. A ranar 3 ga Oktoba masana'antu da ɗakunan bincike da dama suna buɗe wa yara ƙofa su ga yadda ake aiki, a ƙarƙashin shirin talabijin na yara Die Sendung mit der Maus, wanda ake nunawa tun 1971. A wannan rana ce kuma, tun 1997, masallatan Jamus suke buɗe ƙofofinsu ga maƙwabta da ba Musulmi ba.

Tafiye-tafiye

Masu hali sukan tafi gaɓar Tekun Arewa ko Tekun Baltik, ko duwatsun Harz, ko su kama ɗaki a gidan gona na 'yan kwanaki. Masu neman rana sukan tafi Turkiyya ko tsibiran Sifen. Mutane da yawa kuma gidan kakanni suke kai yara. A jiragen ƙasa masu dogon zango, yaro ɗan ƙasa da shekara 6 ba ya biya, haka ma ɗan shekara 6 zuwa 14 idan yana tare da babba kuma an rubuta shi a tikiti.

Bukukuwan da ke biyo baya

Halloween

Bikin Halloween na daren 31 ga Oktoba baƙo ne, daga Amurka ya yaɗu a Jamus a shekarun 1990. Yara su yi shigar ban tsoro su bi gida-gida suna neman alewa, a kuma sassaƙa fuska a jikin kabewa a sa kyandir a ciki. A wasu yankuna akwai tsohuwar al'ada mai kama da wannan, inda ake rarake Rübe, wani tsiro mai babban kai a ƙasa da ake ciyar da dabbobi da shi, a mayar da shi fitila.

Ranar Waliyyi Martin

Ga yaran da ba su kai shiga firamare ba da 'yan ajin farko, babban bikin kaka shi ne na ranar 11 ga Nuwamba. Martin sojan daular Rum ne da aka haifa a yankin da yake ƙasar Hangari a yau, daga baya ya zama bishop na birnin Tours a Faransa. Ya rasu a shekarar 397, kuma ranar 11 ga Nuwamba aka binne shi. Labarin da aka fi saninsa da shi shi ne, wata rana cikin tsananin sanyi ya tarar da wani mabaraci a ƙofar birnin Amiens ba shi da sutura, sai ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi.

Shirin bikin yakan fara tun a lokacin hutu ko da zarar an koma makaranta. Yaro da iyayensa ko malamarsa su haɗa fitila da kwali da takarda mai launi wadda haske yake ratsawa, a rataye ta a jikin sanda. A da kyandir ake sawa, yanzu an fi amfani da ƙaramin ƙwan lantarki mai batir saboda gudun gobara. Da magariba ta yi, yara su jeru suna waƙa a bayan wani mahayin doki mai jar alkyabba da hular soja, masu busa suna biye, 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana suna tare hanya. A ƙarshe a kwaikwayi raba alkyabbar a gaban babbar wuta. A yankin kogin Rhine ana ba kowane yaro burodi mai zaƙi mai siffar mutum, Weckmann, sannan yara su bi gida-gida da fitilunsu suna waƙa ana ba su alewa. A 2018 jihar North Rhine-Westphalia ta sa wannan al'ada a jerin al'adun gargajiyarta da ake karewa.

A wasu yankunan Furotesta, kamar birnin Erfurt da Gabashin Friesland, ranar 10 ga Nuwamba ake fita da fitilu, ranar da aka haifi Martin Luther a 1483. Manya kuma sukan ci gasasshiyar dinya. A da ranar Martin ce ƙarshen shekarar noma, ranar biyan haya da sallamar barori, kuma akan biya wani ɓangare na hayar da dinya.

Zuwan Kirsimeti

Makonni huɗu kafin Kirsimeti ana kiransu Advent. A gidaje akan ajiye zoben ganye mai kyandir huɗu, a kunna ɗaya a kowace Lahadi. Johann Hinrich Wichern ne ya fara yin irinsa a 1839 a gidan renon yara marasa galihu da ya kafa a Hamburg, domin yaran su riƙa ƙirga kwanakin da suka rage. Yara kuma suna da kalanda mai ƙananan ƙofofi 24, su buɗe ɗaya kowace safiya daga 1 ga Disamba, su tarar da cakulan ko hoto. A daren 5 ga Disamba yaro yakan goge takalminsa ya ajiye a bakin ƙofa, da safe, ranar Waliyyi Nikolaus, ya tarar da lemo da gyaɗa da cakulan a ciki. Iyalai suna gasa biskit tare, suna kuma zuwa kasuwannin Kirsimeti, irin ta Dresden da ta faro tun 1434. Ana ba yara kyauta ne a yammacin 24 ga Disamba, kuma hutun makaranta na Kirsimeti yana kaiwa farkon Janairu.

Kula da yara da matsayin doka

Babbar matsalar da hutun yake jawo wa iyaye ma'aikata ita ce ta lissafi. Idan aka cire Asabar 12 daga kwana 75, ɗalibi yana da kwana 63 na hutu a ranakun aiki. Doka kuwa kwana 20 kawai ta wajabta a ba ma'aikacin da ke aikin kwana biyar a mako, ko da yake wuraren aiki da yawa suna ba da kusan 30. Ke nan ko uwa da uba sun ɗauki nasu hutun a rarrabe, da ƙyar ya rufe na yaro. Abin ya fi tsanani ga mai renon yaro shi kaɗai.

Gidajen renon ƙananan yara, waɗanda ake kira Kita, yawanci ba sa rufewa a hutun kaka, don haka matsalar ta fi shafar 'yan firamare. Ƙananan hukumomi, da coci-coci, da ƙungiyoyin wasanni sukan shirya musu ayyukan yini. Wata doka ta 2021 ta tanadi cewa daga Agusta 2026 kowane ɗan aji ɗaya yana da haƙƙin samun kulawa ta awa takwas a rana, har da lokacin hutu, in ban da rufewar da ba ta wuce mako huɗu a shekara ba. Za a riƙa ƙara aji ɗaya kowace shekara har a kai aji huɗu. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi kuma suna iya neman tallafin Yuro 15 a wata ga kowane yaro domin shiga ƙungiyar wasa ko ayyukan hutu.

Tunda kuɗin tafiya yana tashi da zarar hutu ya fara, wasu iyaye sukan so su ɗauke yaro kwana ɗaya ko biyu kafin a rufe makaranta. Yin haka ba tare da izinin makaranta ba saɓa wa dokar karatun dole ne, kuma ana iya cin iyaye tara.

Muhawara

Yawancin bukukuwan da ke biyo bayan hutun na Kiristanci ne, alhali a makarantun biranen Jamus akwai yara da yawa 'ya'yan Musulmi da na marasa addini. Wasu gidajen renon yara sukan kira bikin Martin da "bikin fitila" kawai. A 2013 wani ɗan siyasa a North Rhine-Westphalia ya ba da shawarar a cire sunan waliyyin daga bikin a gidajen renon yara, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasar. Shugaban Majalisar Ƙolin Musulmin Jamus na lokacin, Aiman Mazyek, yana cikin waɗanda ba su goyi bayan shawarar ba, bisa hujjar cewa taimakon mabukaci abin koyi ne ga Musulmi ma. A yankunan Furotesta kuma akwai masu ƙorafin cewa Halloween ya danne ranar tunawa da gyaran addini, tunda rana ɗaya suke faɗowa.

Duba kuma

Ilimi a Jamus
Dankalin Turawa
Kaka
Kirsimeti